Mako Biyu Wayar Dilia Shiru

A kamfanin da Dilia Ocampo take aiki a birnin Medellín, ko tari kwamfuta ta yi sunanta ake kira. Shekara bakwai tana rubuta manhajar da ke tsara wa motocin kwasar madara hanya: wace mota za ta bi ta wace gona a tsaunukan da ke arewa da birnin, da ƙarfe nawa, kafin madarar ta yi tsami. Ba ta taka jami'a ba. 'Yar tela ce, a tsohuwar kwamfutar kawunta ta koya, gefen keken ɗinkin mahaifiyarta. Kai, Dilia akwai kai! Sai dai kuma akwai ji da kai, wannan ko a gabanta sai a faɗa.

Abu ɗaya take nema, a ba ta shugabancin sashe. Sau biyu ana tsallake ta. A na uku ta faɗa ofishin Don Evelio, babban masu rubuta manhaja, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Don Evelio, wa ya fi ni sanin manhajar nan?"

"Babu."

"Ranar bikin ƙanwata wa aka kira? Da kayan biki na zauna ina gyara!"

"Ke aka kira. To ai matsalar ke nan, 'yata." Ya ture kofin kofinsa gefe. "Duk abin yana kanki, ba wanda ke gane rubutunki sai ke. Gobe zazzaɓi ya kwantar da ke, madarar gona ɗari uku sai dai a zubar. Mu a nan gwajinmu ɗaya ne: ki tafi hutun mako biyu. Wayarki ta yi ƙara sau ɗaya saboda aiki, sai kuma baɗi."

Ta fito tana huci. Amma Dilia ba a sa mata ƙa'ida ta gudu. Wata huɗu ta yi tana zazzage abin da ke kanta a rubuce. Sassan manhajar da ta raɗa wa suna "wancan" da "sabo na biyu" duk ta ba su sunan da mutum zai gane. Abin da ya fi ci mata rai shi ne zaman mutum biyu a kwamfuta ɗaya: Wílmar, abokin aikinta kuma abokin tsamarta, shi ke bugawa, ita kuwa baki kawai aka yarda ta sa.

"Wílmar, wallahi kakata ta fi ka sauri."

"To kira ta mana, ranki ya daɗe. Kuma janye hannun nan, na gan shi yana rarrafowa."

Dole ta koma zama a kan tafin hannayenta.

Da lokaci ya yi ta hau mota zuwa Jardín, garin da mahaifiyarta Doña Ofelia ta koma da zama. Kwana biyun farko ta ci arepa, wainar masarar ƙasarsu, da cuku, ta yi barci har da munshari. A rana ta huɗu sai ga ta tana cewa uwar ta kira ta, wai ta gwada ko wayar ce ta lalace.

"Ke dai ba a iya miki," in ji Doña Ofelia. "A kira ki, mita. A ƙyale ki, mita."

Gaskiya abin ya yi mata zafi. Shekara bakwai tana taƙama ba a yi sai da ita, ga shi ana yi.

Ranar Talata ta biyu aka tafka ruwa, rediyo ta ce ƙasa ta zaftare ta rufe wata hanya a arewa. Dilia ta san daidai inda manhajar take rikicewa idan hanya ta rufe, ta kuma san motoci suna can sun yi cirko-cirko. Ta kai hannu ga waya za ta kira su da kanta. Uwar ta riga ta, ta jefa wayar a aljihun keken ɗinki ta rufe.

"Mama, madarar mutane!"

"Shekara arba'in ina ɗinki, kin taɓa ganin na bi mai riga coci ina riƙe mata ɗinkin? In kin ɗinka da kyau, zauna ki sha kofi."

Ta zauna, amma kofin nan har ya huce ba ta taɓa shi ba.

Ranar Litinin ta koma ofis, Wílmar ya tare ta da murmushin mugunta. Manhajar ta tsaya cak ranar Talata, in ji shi. Sun buɗe bayanan da ta rubuta, cikin minti arba'in motoci suka kama sabuwar hanya, ko lita ɗaya ba ta lalace ba.

"Har wani kuskurenki muka tono, shekararsa biyar yana kwance. Na gyara. Sai ki duba, in kakarki ta ba da izini."

Ta zauna ta karanta gyaran layi bayan layi, tana neman abin kushewa. Ba ta samu ba. Sunaye a fili, bayani a inda ya dace, sak yadda ta koya masa. Idonta ya ciko, ta buga masa kalma biyu: "Ya yi."

Don Evelio ya leƙo daga ƙofarsa. "Shugabar sashe, in kin gama, ana jiran ki a taro."

"Su jira minti ɗaya," ta ce. Ta fita baranda ta kira Jardín. "Mama, ɗinkin ya riƙe."