Neman Bakin da Zai Mayar da Bawa Ruwa

Zamanin Turawa ne, shekarun da anka buɗe disfansa a Wurno. Ƙanena Bawa masunci ne, yana da farfaɗiya. Rannan ta buge shi cikin kwalekwale, da ƙyar anka tsamo shi daga gulbin Rima. Sarkin Ruwan ƙauyenmu ya ce ba zai sake taka jirgi ba sai mai magani ya shaida da bakinai cewa ya warke. Bawa kuwa bai san wata sana'a ba. Ni ne babba, kuma ni ne ba ni da aikin yi, sai rakiya ta faɗo kaina.

Goronyo

Kafin kiran assalatu munka ɗaura wa jaki akumari. Bawa bisa, ni ƙasa ina fama da ƙaya. Da hantsi munka iske Tunau wanzami, wanda ya yi mai ƙaho bara, yana aske wani mai albasa.

"Baba Tunau, mi kag gani? Ya warke?"

Ya dubi Bawa, ya dubi askarsa. "Bayan ƙahona ai kun amso ƙwaya wurin Malam Ladan na disfansar Wurno. Ya hita hannuna. Mu ba mu magana bisa maganin wani. Ku gaishe min da shi."

Ya ba mu fura mai tsami. Har na yaba da ladabin mutum.

Wurno

Munka bar jaki gidan ƙanwarmu, munka hau lori bisa buhunan gero. A bakin gari ɗan doka ya tsai da mu yana duba tabon lamba ta rigakafin agana. Nawa ya ɓace cikin ƙazuwa, sai da na rantse. Direba ya ce, "Ƙyale tsoho, ciwo ma ƙyamarsa yake."

Malam Ladan ya tarbe mu da farar riga da warin aidin. Ya tambayi lafiyar Tunau kafin ya tambayi ta Bawa.

"Malam, shaida muke so."

"Ni ƙwaya nika badawa, yaya. Shaida ta Likita ce. Yana rangadi Rabah, ku same shi, ku ce ni na aiko ku."

Zauren wani maƙeri munka sauka. Da magariba, muna cin tuwon dawa, ciwon ya kayar da Bawa dab da murhu. Na ja shi da ƙafa. Mutanen gida sunka watse, kowa na tsoron miyaunsa, sunka kife akushin da ya ci.

Rabah

Ba mota ran nan, da sawu munka tahi. Bayan azahar munka iske layi ƙarƙashin tsamiya. Likitan Bature ne ja kamar manja, yana da tafinta. Da ya ji sunan Malam Ladan ya yi murmushi. Ya haska idon Bawa, ya ƙwanƙwasa gwiwarsa, ya yi 'yar magana. Tafinta ya juye: ciwon ba ya warkewa, ƙwaya rage shi take, a sha har mutuwa. Ba ruwa, ba wuta, ba hawan icce.

Na bi tafintan baya. "Ɗana, Malam Ladan bai san haka ba?"

"Baba, ya sani tun ranar da ya gan shi. Tunau ma ya sani, ai shi ke aske Malam duk ranar kasuwar Wurno. Duk mai wannan ciwo nan suke turo muna shi. Likita gobe ya wuce Sakkwato, su kuwa nan za su zauna da ku. Wa ke son a ce bakinai ya kashe wa mutum sana'a?"

Ashe ni kaɗai ne wawan da ke raba musu gaisuwa gari gari.

Gida

Hanyar komawa Bawa na gaba. Ni kuwa ina ta shirya ƙaryar da zan yi wa Sarkin Ruwa, don nan ne Allah ya ba ni ilimi. Bayan mun ɗauko jaki na karanta mai ita. Ya ce, "Yaya, bari. In na kife da ɗan wani cikin jirgi, ba kai za ka kai gawa ba."

Da la'asar munka shiga gari. Bai ko sha ruwa ba ya shiga ɗaki, ya ɗauko komarsa ta su da filafilin tuƙi, ya kai ƙofar Sarkin Ruwa ya aje.

Sarkin Ruwa ya ce, "Wa ya ba da shaida?"

"Ni, ranka ya daɗe. Ban warke ba."

Mun gode Allah da ya maido mu gida lafiya, in lafiya ce wannan. Mun gode wa maƙerin Wurno da bai kore mu ba. Bawa ya koma gyaran komar wasu a inuwa, bayansa na kallon gulbi.