Kududdufin da Babana Ya Cike

Jiya da la'asar aka yi ruwa a unguwarmu ta Kumbotso, har ya shigo mana tsakar gida. Ina kwarfewa da tasa sai na ga ɓawon gyaɗa yana ta kewaya wuri ɗaya a bakin ƙofa. Wallahi sai da na ajiye tasar na zauna. Kakana na tuna.

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure na taso. Bayan gidanmu akwai kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen unguwar. Daga nan kakana da mahaifinsa suka kwaɓa ƙasar ɗakinsa, soro mai kauri, da 'yar taga gabas da wata yamma. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sanyinsa kamar gindin randa. A ciki kakata ta rasu, shi ma kuma ya sha faɗa cewa a nan yake so a yi masa wankan ƙarshe.

Duk ruwan farko na damina sai ya ƙwala mini kira: "Amarya, kawo ƙaiƙayi!" Haka yake tsokanata, ni kuma in ce masa mai gida. Zai watsa ƙaiƙayin a bakin rariya, mu bi shi lungu-lungu har kududdufi. Inda ya tsaya, nan zai sa fartanya ya buɗe hanya. Na taɓa ce masa, "Kai mai gidan nan, ruwa ma sai ka yi masa rakiya?" Ya ce, "Baƙo ne. In ba ki kai shi masauki ba, da kansa zai zaɓa."

Sai shekarun da aka kawo ruwan madatsar Tiga. Katafila ta baje gonaki, aka shimfiɗa magudanai na siminti, muka ga alkama da tumatir da rani tsaka. Da aka sake raba gonaki, rabon babana ya ragu, ga baki da yawa a gida. Shi ya sa ya sa wa kududdufin ido. Har yau ba na iya ganin baƙinsa, don ramin na tara mana sauro, kuma abinci yake nema mana.

Ina nan ranar da ya durƙusa a zaure ya faɗa wa kakana zai cike ramin ya noma wurin.

"Ka cike wa ruwa gida, ina zai kwana?" in ji kakana.

"Baba, ai ga magudana an gina."

"Waccan kawo ruwa take yi, ba ta ɗauka. Ba ka ga ta fi ƙofar gidanmu tudu ba?"

Babana ya sunkuyar da kai, amma bai fasa ba. Kafin azahar ta washegari katafila ta gama da ramin. Ranin nan kuwa tumatir ya yi kyau, har aka riƙa zuwa gani.

Da marka ta zauna, wata rana aka wuni ana ruwa. Kakana ya ce in kawo ƙaiƙayi, amma bai ce amarya ba. Muka bi shi har inda kududdufin yake a da. Ƙaiƙayin ya tsaya, ya yi ta kewayawa, sannan ya juyo a hankali ya nufi bayan ɗakin kakana. Kakana ya jingina da fartanyarsa yana kallo, bai sari ko'ina ba.

Kwana uku ruwa yana kwance a gindin bangon. Babana da baffannina suka yi ta haƙa, duk inda suka kora shi sai ya dawo. Rana ta huɗu da hantsi aka fito da kakana da buzunsa da carbinsa, da ƙyar ya yarda. Ba a jima ba bangon ya zauna, soron ya bi shi. Babana ya faɗi gabansa yana cewa, "Baba, ka yafe mini." Kakana ya ce, "Tashi ka ciro azarar nan, kada ta ruɓe."

Babana ya gina masa ɗakin bulo da kwano, babu irinsa a unguwar. Taga ɗaya gare shi, iska ba ta ratsawa. Kakana ya koma wuni a gindin darbejiya. Da bazara ya rasu, a ɗakin kwanon nan aka yi masa wanka, masu wankan suna ta gumi. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Bayan sadakar arba'in babana ya ɗauki shebur ya koma haƙa ramin shi kaɗai.

Yau da safe wasu 'yan jami'a suka zo lungunmu da na'urori, wai suna auna yadda ruwa da iska ke bi tsakanin gidaje. Na ce musu, "'Ya'yana, ku fara tambayar inda kududdufin unguwar nan yake a da." Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, wadda aka haifa a nan, ta dube ni ta ce, "Hajiya, ai a kansa gidanki yake."