Mai Gaida Furanni a Tremont

Kullum da safe, ina jiran bas a unguwar Tremont, nakan hango ta cikin ɗan lambun unguwa. Dattijuwa ce siririya, sanye da shuɗin yunifom na masu jinyar tsofaffi a gida, ta ɗora jibgegiyar rigar sanyi wadda da gani ta namiji ce. Fabrairu ake ciki, ƙasa ta daskare kamar dutse, amma wasu fararen furanni ƙanana sun huda ƙanƙara sun fito, kawunansu a sunkuye.

Takan durƙusa, ta cire safar hannu, ta yayyafa musu ruwan buta yadda ake yi wa sabon kabari. Kowanne tana gaishe shi da sunansa, da Hausar Kumasi: "Mista Ribera, ka kwana lafiya? Misis Adila, ya sanyi?" Ina zaton sunayen tsofaffin da suka cika a hannunta ne.

Yau na matsa na ce, "Mama, sannu da aiki." Sai tari ya sarƙe ni.

Ta daɗe tana sauraron tarin nan. Sannan ta shafa wani gurbi da babu fure, ta ce, "Ɗana, yaya sunanka?"