Dabinon Inna a Gidan Madam

Muna sallame sallar asuba muka ja jakunkunanmu, ni da Inna, daga ɗakina na Belleville a Paris zuwa tashar jirgin ƙasa. Watan Nuwamba ne, sanyi har cikin ƙashi. Inna ta taso takanas daga Maradi don ta ga ranar da yayana zai tsaya gaban malamansa a Bron, gefen Lyon, su ba shi dokta. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi; "wancan" take cewa, mu gane. Amma na san ba takarda kaɗai ta kawo ta ba. Tun da ya sauka Faransa ɗaki yake haya a gidan wata tsohuwar Baturiya, kuma duk wayar da muka yi da Inna sai ta tambaye ni abin da yake ci a gidan nan.

Jirgin Lyon gudu yake kamar ya yi sata. Ta taga gonaki kore shar, ga shanu farare ƙosassu ba mai kiwo, har Inna ta tambayi inda makiyayansu suka shiga. Na sayo mata kofi ɗan mitsitsi a yuro uku. Da ta ji kuɗin a sefa ta ce in mayar musu da kayansu, na ce ai na riga na sa sukari.

Yaya ya tarye mu, muka shiga metro, muka sake tiram har Bron. Yana ajiye mu ya koma jami'a shirin gobe. Madam, mai gidan, 'yar ƙarama ce, kai fari fat, mijinta ya jima da rasuwa. Ta sumbaci Inna a kumatu biyu, Inna ta sandare kamar taɓarya. Daga nan aka kwance tsaraba: dabinon Ingal, mai laushi, buhu ƙarami guda.

Al'adarsu a nan, wanda ya gama dokta shi ke ciyar da malamai bayan taro. Madam ta ce ita ta ɗauki wannan nauyin, kuma da dabinon nan za ta yi abin da ta fi gwaninta a kai. Ta zaunar da mu a kicin. Sai ta tsaga cikin dabino ta gefe guda da ƙaramar wuƙa, ta cire ƙwallon, ta cusa cukun akuya mai laushi, ta matse bakin. Inna tana gyaɗa kai, don ta san cuku da dabino ba baƙin juna ba ne. Can Madam ta buɗe firigo ta fito da nama yankakke, siriri kamar takarda, ja-ja da layin farin kitse. Ta naɗe dabino ɗaya da shi, ta soke da tsinken sakace.

Na daɗe a Paris, na san naman da ake yankawa haka: alade. Inna ma ba sai an gaya mata ba. A wurinmu baƙo ba ya tambayar mai gida me ta sa a abinci, cin fuska ne, don haka muka yi gum. Madam tana juya baya Inna ta ce mini ƙasa-ƙasa:

"Ba sai kin faɗi ba, na gani. Gobe ba ni zuwa wurin taron ga. Ki canza mini tike."

"Inna, bari in kira shi mu ji."

"Kak ki kira shi. Mi za ya ce? Shekara da shekaru shina cin tukunyar gidan ga."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin yaya, na kuma ji tausayinsa, don na san gobe fuskarta zai fara nema a cikin jama'a. Madam kuwa ta jera tire na farko ta tura murhun gashi, kitse yana narkewa, dabino yana fitar da zuma. Allah ya yafe mini, ƙamshin ya yi daɗi.

Dabinon Inna ya fi naman yawa, sai naman ya ƙare ana tsakiyar aiki. Madam ta ɗauki jakarta ta ce mu raka ta ta ƙaro, mu ga gari. Inna ta bi mu ne kawai don kada a bar ta ita da tiren nan. Muka sauka a Guillotière, unguwar da za ka ji Larabci da yarukan Afirka fiye da Faransanci, ga ƙamshin kayan yaji da gasasshiyar kaza ko ta ina. Madam ta wuce manyan kantuna ta tsaya a shagon wani mahauci. Inna ba ta karanta boko, amma ta yi allo. Ta tsaya cak tana duban rubutun Larabcin da ke jikin gilashin: halal.

Mahaucin, wani dattijo ɗan Aljeriya, ya yi mana sallama, ya tambayi Madam ko ɗan nata, wato yaya, ya shirya wa gobe. Ya ɗauko naman shanu da aka ba hayaƙi ya yanka sirara, sak irin na ɗazu. A hanyar komawa Madam ta ba ni labari cewa mijinta da naman alade yake son wannan haɗin, ita ma da shi ta tashi, amma tun ranar da yaya ya shigo gidanta ta daina sayensa, tunda tukwanensu ɗaya. Na fassara wa Inna. Muna isa gida ta wanke hannu, ta karɓi tsinkayen, ita ta naɗe duk sauran.

Kashegari ta zauna a layin gaba cikin lufayarta, ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta kuma motsa ba har aka tafa. Bayan taro ita ta riƙa zagayawa da tire tana miƙa wa malamai, zaƙi da gishiri a loma guda, kafin ka ce me an share.

Da za mu tafi ta kama hannun Madam da nata biyu.

"Ce mata ni na haife shi, ita ta riƙe shi. Ce mata kuma ta yafe mini."

Madam ta tambaya a yafe me. Na ce mata haka muke ban kwana a garinmu.

Mun iso Paris da la'asar, ana yayyafi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kunyar da ta hana mu tambaya ba ta hana mu yanke hukunci ba, kuma da naman bai ƙare ba da tuni mun tafi da zarginmu. Yaya yana da hoton Inna na ranar a ɗakinsa, tana layin gaba. Har yau bai san saura kaɗan kujerar ta zama wayam ba.