Sista Mai Yankan Kati

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai tana aiki a asibiti, kuma ko zazzaɓin mutum ɗaya ba ta taɓa aunawa ba. Aikinta yankan kati ne. Wata 'yar taga ce kusa da ƙofar shiga, tana zaune a bayanta da biro ɗaure da zare da tambarin kwanan wata. Ka faɗi sunanka, ta rubuta, ta buga tambari, ta nuna maka benci da haɓa. Iyakar likitancinta ke nan. Amma a unguwa Sista ake kiranta, kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Gaskiya ta taɓa shiga makarantar koyon jinya, ta yi wata huɗu. Ranar da aka fara kai su ɗakin ɗinkin rauni, aka shigo da wani kafinta da kwanon rufi ya yanke shi a dantse. Kallo ɗaya ta yi masa ta zube ƙasa, sai da aka bar mai raunin aka koma kanta da fifita. A gida ta ce malaman ne suka tsane ta saboda tana yi musu gyara a aji. Babanmu ya je ya nemo mata aikin tagar.

Daga albashinta na farko ta ɗinka farar riga mai aljihu biyu. An hana ta sawa a wurin aiki, don haka a jaka take ninke ta, sai ta fito bakin ƙofar asibiti da yamma ta ɗora, ta shiga mota a haka. Tana sauka mata na tare ta da jarirai. Duk cutar da aka kawo mata, sunanta ɗaya: datti a ciki. Maganinta ma ɗaya, wankin ciki, wani ruwa mai ɗaci a baƙar kwalba da ba ta rabuwa da ita. Mijinta, wani bawan Allah mai sayar da fenti, ya sha shi don ciwon haƙori, ya sha shi don kaikayin ido, ya sha shi ranar da ya gurɗe a ƙafa. Har ya rasu ban taɓa ganinsa ya zauna cikin taro da kwanciyar hankali ba, kullum idonsa na neman inda bayi yake.

Da aka kawo kwamfuta tagar, aka ce ta koya. Ta ce ita da ta san kowane majinyaci da fuska ba ta bukatar akwatin wuta. Aka yi mata ritaya. 'Ya'yanta biyu duk sun yi nisa, kuma kowanne ya iya rashin ɗaga waya. Sai ta zo gidana hutun mako biyu, da akwati uku.

Ni direban motar makaranta ne, matata kuma tana ɗinki a wani kamfanin kayan ma'aikata. 'Yarmu ɗaya, muna kiranta Tsuntsuwa saboda yadda take tsattsagar abinci. Tana da shekara uku ta yi wani mugun ciwon ciki da ya kwantar da ita kwana tara a asibiti. Ta tashi, amma hanjinta bai koma daidai ba. Ta sha madara, cikinta ya kumbura ya yi tauri, ta yini tana zawo tana kuka. Aka haɗa mu da likitar abinci, wata matashiya mai gilashi da magana a hankali. Ta rubuta mana takarda muka manna a jikin firji. Abin da aka yarda ta ci bai cika layi goma ba: shinkafa, dafaffiyar kaza, ƙwai, karas, ayaba, dankali, da 'yan kaɗan. Abin da aka hana kuwa har bayan takardar. Shekara ɗaya da rabi yarinyar nan ko biskit ba ta ɗanɗana ba. In ana bikin ranar haihuwar wani a ajinsu, ita da ayabarta take komawa gefe.

Ranar da Yaya ta iso, kafin ta cire takalmi ta tsaya gaban firjin ta karanta takardar da yatsa, ta ja tsaki.

"Wa ya rubuta wannan shirmen?"

"Likitar abinci ce, Yaya," in ji matata.

"Likitar abinci! Yanzu har girki ya zama likitanci? A zamaninmu masu dafa wa majinyata abinci ta ƙofar baya suke shiga."

Mako biyun ya zama wata biyar. Ta karɓe kujerata ta falo, ta karɓe rimot, ta mai da barandarmu wurin ganin marasa lafiya. Na ja mata kunne sau ɗaya cewa bakin Tsuntsuwa ba wurin gwajinta ba ne. Ta dafa ƙirji ta ce ita da ta goya ni har na yi wayo, yau ni zan koya mata riƙon yaro? Kuma gaskiya ne ta goya ni, shi ya sa na ƙyale ta.

Ana gab da dogon hutu muka koma ganin likitar. Ta auna yarinyar, ta ce nauyinta ya tsaya wuri guda, ƙashinta kuma na bukatar abin da ke cikin madara. Ta ce lokaci ya yi da za a gwada cuku, amma mai tauri, wanda ya daɗe a ajiye, don irin wannan sukarin madarar da ke damun cikinta ya kusa ƙarewa a cikinsa. Ta nuna mana girman da farcen babban yatsanta. Da safe, kwana uku a jere, kada a ƙara wani sabon abu ko ɗaya, kuma a rubuta duk abin da aka gani. In lafiya, a ninka.

Matata ta zagaya kanti huɗu kafin ta samo irin wanda aka ce. Da safe ta yanka ɗan ƙaramin yanki ta ɗora a faranti shi kaɗai. Tsuntsuwa ta shinshina, ta lasa, ta sa a baki ta ƙi taunawa don kada ya ƙare. Ta ce, "Baba, wannan nawa ne? An yarda?" Na ce an yarda. Na fita da sauri na shiga mota, don ban so ta ga idona ba.

Yaya na zaune tana kallo, hanci a murɗe.

"Madara ce fa da ta ruɓe ta daskare. Yarinyar da sabuwar madara ke kayarwa za ku ɗura wa ruɓaɓɓiya? To, mu zuba ido."

Lokacin hutu ne, amma ina kai motar gareji ana yi mata gyara, matata kuma na fita ƙarfe takwas. Yarinyar na hannun Yaya har la'asar. Rana ta farko da yamma zawo ya fara. Rana ta biyu ya tsananta, har ta kasa kaiwa bayi sau biyu, ta ɓuya bayan ƙofa don kunya. Ba a kai rana ta uku ba. Matata ta kira likitar, aka ce a dakata. Da hannunta ta ja layi a kan kalmar cuku da ta ƙara a takardar jikin firji, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Tsuntsuwa ta tambaya sau ɗaya ko gobe akwai, aka ce babu, ba ta sake tambaya ba.

Yaya kuwa ranar ta fi kowa walwala. Ta zauna a baranda tana ba maƙwabta labari.

"Na faɗa musu. Amma wa zai saurari tsohuwar ma'aikaciya? Sun gwammace 'yar yarinya mai gilashi."

Wata uku muka yi a kan tsohuwar takarda. Da ranar komawa asibiti ta zo, Yaya ta ce za ta bi mu, tana so ta ga likitar ido da ido. Ta goge farar rigarta ta saka. Asibitin da ta yi aiki ne, muna shiga ta nufi tsohuwar tagarta tana murmushi, ta leƙa ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana." Matar da ke ciki ba ta ɗago daga kwamfuta ba, ta ce, "Mama, ki bi layi." Yaya ta juyo ta ce mana sababbi ne.

A ofis, likitar ta karanta abin da matata ta rubuta, ta sake karantawa. Ta ce abu ɗaya ya ɗaure mata kai: ciki bai kumbura ba, babu iska, zawo ne kawai kamar an buɗe famfo, kuma wannan bai yi kama da abin da madara ta saba yi wa yarinyar ba. Ta tambaye mu ko an ba ta wani abu. Muka ce babu. Sai ta turo kujerarta kusa da Tsuntsuwa.

"Ƙawata, ranar da kika ci cuku, me kuma kika ci?"

"Shinkafa da karas."

"Me kika sha?"

"Ruwa." Ta kalli goggonta. "Da na murfi."

"Wane ne na murfi?"

"Mai ɗaci. Goggo ta ce sirrinmu ne, in na faɗa cukun zai zama tsutsa a cikina."

Matata ta miƙe tsaye, na riƙo hannunta. Yaya ko gezau, ta gyara wuyan farar rigarta.

"E, na ba ta. Murfi ɗaya bayan an fita, don ya wanke ƙazantar kafin ta kama hanji. Da ban yi haka ba da yanzu wani zancen ake yi."

Likitar ta miƙa hannu ta ce tana son ganin kwalbar. Yaya ta fito da ita daga jaka tana taƙama. Likitar ta juya bayanta, ta nuna mata rubutun da ya ce kada a ba yaro ƙasa da shekara goma sha biyu. Yaya ta ce wannan kamfani ne ke rubutawa don kare kansa.

"Kafin a haife ki nake cikin asibitin nan, yarinya."

"Allah sarki. A wane sashe, Mama?"

"Sashen gaba."

"Taga," na ce. "Tagar kati."

Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa tsinka ta gaban mutane ba sai ranar. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta jefa kwalbar a aljihun teburinta ta rufe, ta ce a sake gwajin daga farko, kuma a wannan karon yarinyar ta yini a hannun uwarta ko ubanta.

A mota Yaya ta yi ta kuka, ba don yarinyar ba. An ci mata mutunci, an ƙwace mata magani, ƙaninta da ta wanke wa kashi ya tozarta ta gaban baƙuwa. Har muka isa gida ba ta waiwaya ta kalli Tsuntsuwa ba, wadda ke kujerar baya tana tambayar uwarta a hankali ko da gaske tsutsar za ta fito.

Matata ta ɗauki hutun mako guda. Rana ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ta uku lafiya. Aka ninka, aka sake ninkawa. Bayan wata biyu yarinyar na cin yanka biyu a kan dankalinta, kumatunta sun fara fitowa, siket ɗin makarantar da ake ɗaure mata da fil ya zauna da kansa. Daga baya aka gwada wasu abubuwan, wasu suka karɓe ta, wasu suka ƙi. Madara har yau ba ta sha.

Ban kori Yaya ba. Na dai daina gaishe ta da safe na kwana goma, ita kuma ta daina cin abincin matata, sai in mun fita ta buɗe tukunya. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wata Asabar da na dawo daga wankin mota na same ta a baranda da mata uku, ta tsayar da Tsuntsuwa a gabansu tana juya ta.

"Kun ga yarinyar nan? Ƙashi da fata na same ta. Ni na ce a sa mata cuku. Sai da na fara wanke cikin tas, sannan ya karɓe ta. Likitocin yanzu ba su san wannan ba."

Ɗaya daga cikin matan, mai jariri a kafaɗa, har ta fara tambayar inda ake samun maganin. Na ce mata ta tashi ta kai ɗanta asibiti, wannan matar ko allura ba ta iya kallo. Na kama hannun 'yata muka shige ciki.

Da yamma Yaya ta kira ƙaninmu, autan gidanmu, ta ce masa ana wulaƙanta ta. Washegari ya zo da mota. Na taya shi ɗaukar akwatunan, na ja shi gefe na ba shi labarin duka. Ya yi dariya ya ce ai Yaya ce, sai haƙuri, kuma zuwan nata ma ya yi daidai, tunda matarsa na da cikin wata bakwai, za ta samu mai lura da ita. Yaya na gaban mota ta riga ta ɗaura bel. Ta sauke gilashi ta ce wa matata ta rage gishiri a girki, don ta lura idona ya fara yin ja.

Kwana huɗu da tafiyarsu matar autan ta kira matata, murya ƙasa-ƙasa, daga cikin bayi. Ta ce Yaya ta duba ƙafafunta da suka kumbura ta ce ta san abin da ke damunta, kuma ta fita kasuwa tun safe ba ta dawo ba. Matata ta ce mata kada ta sha komai da ba ita ta zuba da hannunta ba, ko da ruwa ne. Sannan ta miƙo min wayar ta ce in nemi ƙanina.