Tafin Hannu a Jikin Rumbu

Ranar wata kasuwar Dumega ce, a bazarar shekara ta uku da samun 'yancin kai, ina tsugune bakin murhu ina hura wuta, sai ga wani ɗan guntun mutum ya yi sallama, da adaka a ka, yana tari. Inna ta saki taɓarya ta rufe baki da zane. Kaka ta rangaɗa guɗa, ta ce, “Ke Kulu, taso ki gaida babanki!” Na dube shi daga sama har ƙasa, kallon ma bai ɗau lokaci ba, na ce, “Wanga ba babana ba ne.” Na zura da gudu bayan gida.

Ina goye ya tafi Kumasi neman abin kansa, don haka ban san shi ba. Amma ina da uba, ni na gina abina. A jikin rumbun lakarmu, can sama kusa da baki, akwai shatin tafin hannu mai karkataccen ɗan yatsa, kuma Inna ta taɓa ce mini, “Hannun babanki ne, shi ya yi ginin.” To ai shi ke nan! Mutumin da hannunsa ya kai can ba ƙaramin mutum ba ne. Na ba shi tsawo har sai ya sunkuya zai shiga zaure, na ba shi murya mai kauri da farar riga. In ina jan guga a rijiya yana tsaye bayana, in ina korar tsuntsaye a gonar hatsi da shi nake hira. A makarantarmu ta lakwal kuwa, duk yarinyar da ta taɓa ni wajen wasan carafke sai in ce ta jira babana ya dawo. Har mushe, malaminmu mai bulala, ban cika tsoronsa ba.

Yanzu ga wani an kawo mini, kafaɗarsa ba ta wuce ta Inna ba. Wallahi haushi ya hana ni zama wuri ɗaya. Ya ba ni ɗankwali mai zanen tsuntsu, na cusa shi cikin danga. In an ce in kai masa hura sai in dire ƙwaryar in juya. Da na ji ƙugin motar kamiyo sai in sheƙa bakin hanya in hau suri ina leƙe, ko na gaskiyar zai sauko. Kaka ta yi zagi, Inna ta yi lallashi har ta gaji ta koma mari. Shi dai murmushi yake, ya ce, “Ku ƙyale ta, kafin in koma za ta kira ni.” Ni kuwa “baƙon Inna” nake ce masa, damina guda cur.

Da aka gama girbi ya kwaɓa laka zai gyara bakin rumbu. Ina zaune ina sussuka na ga ya mirgino turmi, ya kife shi, ya hau. Ya dafa bango don kada ya faɗi, sai tafinsa ya zauna cikin shatin nan daidai, har karkataccen ɗan yatsan. Ashe da ma turmi ya taka! Ya waiwayo ya ce, “Miƙo mini ƙwaryar ruwa, ɗiyata.” Na miƙa, na buɗe baki zan ce “Baba”, amma kunya ta hana ni. Na ce a raina sai gobe. Goben ma na ce sai gobe, har kasuwa ta zagayo ya hau kamiyo ina laɓe bayan danga. Da bazara ta dawo saƙo ya iso cewa tarin nan ya tafi da shi.

Yau jikokina uban nasu na Kwatano, amma kullum suna ganin fuskarsa a waya, har furfurarsa sun sani. Rumbunmu ruwa ya cinye shi tuntuni. Ni kuwa da tsufana, in na rufe ido na ce “Baba”, dogon nan mai farar riga ne ke zuwa da sauri. Na kore shi, ya ƙi tafiya. Guntun nake nema, fuskarsa kuwa ta ɓace mini, sai tarinsa kawai nake ji.