Turken Safiyo da Akuyar Inna

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu, can gefen Shagari, Turawa na mulki, ni kuma ina sabon magidanci. Ruwa ne na gaske. Har gobe zan rantse na ga tarwaɗa tana leƙen tukunyar miyarmu. Albasar da muka adana kuwa, sai a Lambara aka ji warinta.

Da ƙasa ta tsane, sai ga malamin safiyo daga Sakkwato, da na'ura mai ƙafa uku da jaki ɗauke da turaku masu farin fenti. Ya ce taswira zai gyara. Duk inda ruwa ya tsaya zai kafa turke, wanda gidansa ya faɗo ta gefen fadama zai koma tudu kafin wata damina.

Ni abin da ya ɗaure mini kai, yaya za a kwantar da gari guda, har da rijiyoyinsa, a kan takarda? Na bi shi ina zuba tambaya har ya bar ni na leƙa na'urar. Sai na hango mai garinmu kai ƙasa, ƙafafu sama! Ban gaya wa kowa ba, sai 'yan kasuwa kaɗai.

Turke guda ya kafa bayan gidanmu, wato muna cikin masu tashi. Mahaifiyata, Inna, ta ce ba mai raba ta da ɗakin da ta haife mu.

Malam ya wuce Boɗinga, zai dawo ya zana. Bai san a garinmu turke mai kyau ba ya zama banza ba. Da ya dawo, wani turken na bakin masallaci da jaki a ɗaure, wani na hannun mahauci. Namu ya tsallako ƙofar gida ta gefen fadama, da akuyar Inna a ɗaure. Gidanmu ya zama tudu ke nan.

Na ce, "Inna, wa ya matsar da turken hukuma?"

Ta ce, "Akuyata ba ta son rana. Ina ruwanka, uban tambaya?"

Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya tara gari, maza da mata, ya ce, "To, ku nuna mini da kanku." Muka bi gida gida muna duba shatin ruwa a bango, ana gardama, yana zanawa.

Da muka iso namu, Inna ta jingina da bango ta rufe shatin. Malam ya durƙusa ya ce, "Inna, ke ina ruwa ya kawo miki?"

Can ta matsa, ta aza hannu a ƙirjinta. "Nan. Jikata na bisa kaina munka hita."

Kafin damina muka koma tudu. Abu ɗaya ta roƙi malam, turken nan, kuma shi muka fara kafawa a sabon gida, tun ba a haƙa tushen ɗakinta ba.